Yawon Ɗalibanmu a Turai: A Ji Ta Bakin Mai Yawon

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in mayar da martani ga wasiƙar da wani dattijo ya aiko muku kwanakin baya, inda ya koka cewa yaran da ake turawa Turai karatu sun mayar da abin yawon buɗe ido, yau hoto a Paris, gobe a Roma, iyaye kuwa na gida suna sayar da filaye. Baba, Allah ya ƙara girma, kukanka yana kan hanya. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da banki ke sayarwa ɗari huɗu da wani abu ta haura Naira 1,500 kafin shekara ta zagayo, kuma duk uban da ke da ɗa a waje ya ji a jikinsa. Mahaifina ma ya ji, don daga cinikin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada yake cike mini giɓin da tallafin karatu bai rufe ba. Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ni kuma ina cikin masu hotunan nan. Ina karatun injiniya a Debrecen, a gabashin ƙasar Hangari, yanzu na zo hutu gida Jos.

Nisan da ake hangowa daga nan ba haka yake a can ba. Daga Budapest zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, bai kai Jos zuwa Abuja ba, jirgin ƙasa yana cinye shi cikin awa biyu da rabi. Daga Biyana zuwa Bratislava ta Sulobakiya awa ɗaya ce. Mutum zai karya kumallo a wata ƙasa, ya yi Azahar a wata, ya kwana a ta uku, bai ma gaji ba.

Abin da ya buɗe wannan hanya yarjejeniyar Shengen ce, wadda aka sa wa hannu a 1985 a wani ƙauye mai wannan suna a Luksambag, ta fara aiki a 1995, yau ƙasashe 29 ne a cikinta. Duk baƙon da ke riƙe da katin izinin zama na ɗaya daga cikinsu yana iya shiga sauran ba tare da biza ba, ya yi har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ziyara kawai, ban da neman aiki. Ingila ba ta ciki, Ailan ba ta ciki, Sayifurus ma haka. Shi ya sa ɗan Najeriya da ke karatu a Landan sai ya nemi biza ya biya Yuro 90 kafin ya leƙa Faransa, alhali na Hangari ko Jamus ko Folan tikitin mota kawai zai yanka. Wanda ya taɓa neman bizar nan daga Abuja ya san yadda ake yi: a tara takardun banki, a yi watanni ana jiran rana, a ƙarshe a ce ba a gamsu za ka dawo ba, kuɗinka kuma ya tafi ke nan. To, ɗalibi yana da ƙofa a buɗe, kuma bayan ya kammala karatu katin nan ya ƙare, an rufe ta. Mafi yawanmu ba za mu sake samun irinta ba har mu koma ga Allah. Wannan ne ke sa yara gaggawar zagayawa.

Sai batun kuɗi, inda Baba ya fi ɗaukar zafi. A Hangari, tun 2023, ɗalibi mai katin makaranta yana sayen tikitin wata guda kan forint 1,890, wajen Yuro biyar ke nan, ya hau jiragen ƙasa da motocin safa na ƙasar duka iya son ransa. Idan za a tsallaka iyaka, akwai motocin FlixBus, waɗanda in ka yanki tikiti da wuri sau da yawa ba ya kai Yuro 20. Jiragen sama masu araha irin su Wizz Air da Ryanair kuwa wani lokaci kujerarsu ta fi kuɗin tasi zuwa filin jirgin sauƙi, da sharaɗin ƙaramar jakar goyo kaɗai za ka riƙe, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera. Ƙarin akwati ya fi kujerar tsada. Don haka za ka ga yaro ya jibga riga uku da rigar sanyi a jikinsa yana zufa a layi, ba don sanyi ba, jakar ce ta ƙi ɗauka.

Motar dare muke bi don mu huta da biyan kuɗin kwana. A jakata akwai gari da sukari da ƙuli-ƙuli da dabino da ƙullin yaji. Kilishi da dambun nama ba sa isa can, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje, a filin jirgi ake ƙwacewa, iyaye mata su daina wahalar da kansu. Inda ya zama dole a kwana, ɗakin haya ne na matafiya mai gadaje takwas, wani kan wani, kai da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Asuba ta yi, ka lallaɓa ka duba alƙibla a waya, ka shimfiɗa rigar sanyinka a ɗan lungun da ke tsakanin gado da gado, ka yi salla a ɓoye-ɓoye kada ka tashi wani. Buta babu, gorar ruwa ce ke tsaya maka. Banɗakin tasha ma sai ka jefa kuɗi ƙofa ke buɗewa. Abinci mai halal kuwa Allah ya saka wa Turkawa masu gasa nama, kusan kowace tasha akwai shagonsu. A Jamus da Ostiriya shaguna na rufe ranar Lahadi, wanda bai yi guzuri ran Asabar ba ya yi azumin da bai yi niyya ba. Duk wannan ba ya fitowa a hoto.

Akwai kuma abin da ya fi yunwa ciwo. An ce babu shinge, amma wasu ƙasashen sun dawo da bincike a iyakokinsu. A wata iyaka da tsakar dare 'yan sanda suka hau motarmu da tocila, suka wuce layi-layi na fasinjoji ba su ce musu uffan ba, sai a kaina da wani ɗan Kamaru suka tsaya. Aka karɓi fasfo da kati aka sauka da su, mota ta yi tsit, kowa na waiwayen mu. Da aka dawo mana da su ko sannu babu. Ina jan kunnen masu tahowa: kati shi kaɗai ba ya wadatarwa, a riƙe fasfo tare da shi, kuma wanda katinsa ya ƙare yana jiran sabo ya zauna inda yake.

Baba zai ce to me ya kai ka? Ga abin da ya kai ni.

A kudancin Hangari akwai birnin Pécs. A tsakiyar dandalinsa akwai gini mai ƙubba wanda Turkawan Usmaniyya suka gina masallaci a ƙarni na 16, lokacin da suke mulkin yankin. Yau coci ne, a saman ƙubbar an ɗora gicciye a kan jinjirin wata, amma mihirabin yana nan, da sauran rubutun ayoyi a bango. Na tashi a garin da masallaci da coci ke kallon juna, na kuma san abin da Jos ta gani daga 2001 zuwa yau, don haka na daɗe a tsaye a wurin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ƙurɗuba, a kudancin Sifen, tsohuwar Andalus. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji an ce "Ƙurɗubi ya ce", amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa gari ne da ake shiga mota a je. Can ne garin Alƙurɗubi mai tafsiri, can aka haifi Alfazazi mai Ishiriniyar da iyayenmu ke rerawa a watan Mauludi. Babban masallacin garin Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara gina shi wajen shekarar 785, aka yi ta faɗaɗa shi, har Kiristoci suka ci garin a 1236 suka mayar da shi majami'a. Da sassafe ake barin mutane su shiga kyauta na ɗan lokaci kafin a fara sayar da tikiti, don haka tun gari bai gama wayewa ba na bi layi a farfajiyar da ke cike da itatuwan lemo. Ciki akwai duhu-duhu da sanyi. Ginshiƙai sama da 800, kowane biyu an haɗa su da baka hawa biyu, ja da fari, ja da fari, har inda ido ya ƙure. A matsayina na mai karatun injiniya, bakan nan hawa biyu su suka kama ni: ginshiƙan gajeru ne, wasunsu daga tsofaffin gine-ginen Rumawa aka kwaso su, sai maginan suka ɗora baka a kan baka don rufin ya yi sama ba tare da ginin ya raunana ba. An koya mana yadda baka ke rarraba nauyi a allo, amma a nan na sa hannu na taɓa. Salla dai ba a yarda Musulmi ya yi a ciki ba, masu gadi na lura da duk wanda ya tsaya ya daɗe gaban mihirabi. Na yi addu'ata a zuci na fito.

A Paris kuma kayan gidanmu na tarar. Gidan tarihin Louvre yana barin duk mazaunin Tarayyar Turai da bai kai shekara 26 ba ya shiga kyauta, katin zamana ya isar mini. A wani zaure, cikin gilashi, ga mutum-mutumin yumɓu na Nok, da idanun nan masu kusurwa uku da huji a tsakiya, irin waɗanda ke gidan tarihinmu na Jos. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928 a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, Bernard Fagg, wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, ya bi diddiginsu, shi ne kuma ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Mutum-mutumin nan sun haura shekara 2,000. Na Paris ɗin Faransa ta saye su ne a hannun dillali a ƙarshen shekarun 1990, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan yadda suka bar Najeriya, har a 2002 ta amince mallakarmu ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Turawa na tsaye suna zana su a littafi. Namu na Jos kuwa, in ka cire 'yan makarantar da malamai ke kaiwa da masu zuwa kallon namun daji a maƙwabta ranar Salla, mutum nawa ne cikin 'yan gari ke leƙa su?

Balin, babban birnin Jamus, ban daɗe ba. Na je titin Wilhelmstrasse ne kawai in ga allon da aka kafa inda ƙasashe 14 suka zauna daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suka tsara ƙa'idar rabon Afirka, har da zirga-zirga a Kogin Kwara, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ginin ma babu shi yanzu, gidajen kwana ne a wurin, mutane na wucewa da karnukansu.

Ba zan rufe wa 'yan uwana asiri ba, Baba yana da gaskiya a kan wasu. Akwai 'ya'yan manya da ba gari suke zuwa gani ba, kanti suke zuwa, su dawo da jakunkuna da takalma. Akwai wanda zai tsallake darasin gwaji don tikitin ranar Talata ya fi araha, alhali a sashenmu in fashinka ya wuce ƙa'ida malami ba zai sa maka hannu ba, sai ka maimaita, maimaicin kuma kuɗin uba ne. Irin wannan a ja masa kunne, in ya ƙi a rage masa abin da ake aikawa. Amma gane shi ba wuya. Uba ya nemi sakamakon jarrabawa ya gani da idonsa, sannan ya ce wa yaro: garin nan da ka je, ba ni labarinsa. Wanda kanti ya je ba zai yi minti biyu yana magana ba.

Hotunan ma mu suke jawo wa. Ka tsaya gaban hasumiyar Eiffel da gari a cikinka, kafin ka koma masauki saƙonni sun cika waya: wannan za a yi masa aiki a asibiti, wancan bikin ƙanwarsa ya matso, wani waya kawai yake so. Ka ce babu, a ce ɗan Turai ya yi rowa. Ni yanzu Hajiyarmu kaɗai nake tura wa, ita ma da roƙon kada ta nuna wa kowa, ko da yake na san kafin La'asar duk gidan sun gani.

Edita, ga roƙona gare ku. A 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu ya bi Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, zuwa Ingila da Jamus, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa aka rubuta, har yau masana na karanta shi. Mu kuwa ɗaruruwa ne a Hangari da Jamus da Folan da Italiya, amma labarinmu a status ɗin WhatsApp yake ƙarewa, bayan awa 24 ya goge. Ku ware mana ko rabin shafi ne a wata, ɗalibai su riƙa aiko da abin da suka gani, da abin da suka kashe dalla-dalla, da inda aka wulaƙanta su, don iyaye irin su Baba su samu abin auna maganar 'ya'yansu, masu shirin tafiya kuma su san irin guzurin da za su yi. In kun buɗe, ni zan fara aiko da na Ƙurɗuba, har da kuɗin mota da na kwana.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗalibi,
Unguwar Rogo, Jos.