Tarihin Attajiran Sinawa Daga Ƙauyukansu Yake Farawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da ɗalibanmu masu binciken tarihin masana'antu. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san masaƙar United Nigerian Textiles da Cha Chi Ming ya kafa a 1964. Sai dai in an zo ba da labarinsa, a kan ce ɗan Hong Kong ne a wuce, alhali a Haining ta lardin Zhejiang aka haife shi. Wannan taƙaitawa tana damuna, domin irin waɗannan attajirai galibi ta hannun dangi da 'yan garinsu suke samun jari, da yaran shago, da masu tsaya musu wajen bashi.

Yawancin iyalan da suka bazu a kudu maso gabashin Asiya da Amurka daga lardunan Guangdong da Fujian suka fito. Mai neman asalinsu ya fara da samun sunan a rubutun Sinanci, don wanda aka rubuta da boko yana ɓatar da mutum. Sunan dangi ɗaya ne ake kira Chen a Beijing, Tan a Singapore, Chan a Hong Kong. A Indonesiya kuma an matsa wa Sinawa su sauya suna daga 1966, shi ya sa Liem Sioe Liong ɗan Fuqing ya koma Sudono Salim. A Amurka abin ya fi rikici: bayan dokar hana Sinawa shiga ta 1882 da gobarar San Francisco ta 1906 da ta cinye takardu, da yawa sun sayi sunan wasu suka shiga a matsayin 'ya'yansu.

Shaida ta farko mai inganci ita ce dutsen kabari. A sama ko a gefen dama ake sassaƙa gunduma, wani lokaci har da ƙauye, a tsakiya kuma sunan mamacin na gaskiya. A kula da shekara: in da lissafin shekarun Jamhuriyar Sin aka rubuta ta, sai a ƙara 1911, wato shekara ta 25 ita ce 1936. A kuma duba tsohuwar taswira, don gundumar Taishan sunanta Xinning kafin 1914.

Daga nan sai littafin salsalar dangi, zupu. An ƙone da yawa a juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, waɗanda aka sake haɗawa daga baya kuwa sun dogara da tunanin dattawa, kuma tsofaffin littattafan ba su cika kawo sunayen 'ya'ya mata ba. Kada a yarda da shi sai an gwada da wata shaida.

Ni a ganina babu kamar qiaopi, wasiƙun da ake haɗawa da kuɗi a aika gida, waɗanda UNESCO ta sa a kundinta a 2013. A jikin ambulan akwai sunan ƙauye, da mai karɓa, da adadin kuɗi, da hatimin kamfanin aike. In aka jera na gida ɗaya shekara bi shekara, za a ga lokacin da kasuwa ta buɗe da lokacin da ta tsaya. Hanyar da irin waɗannan wasiƙu suka riƙa bi tsakanin Bangkok da Shantou, tashar jiragen ruwa a Guangdong, ita ce 'yan'uwa biyu daga Chenghai suka bi suka buɗe shagon sayar da iri na kayan lambu mai suna Chia Tai a Bangkok a 1921, wanda ya zama babban kamfanin Thailand na Charoen Pokphand.

Gine-gine kuwa a yi hattara da su. Hasumiyoyin Kaiping da ke Guangdong, kimanin 1,800, da kuɗin ƙetare aka gina yawancinsu don tsoron 'yan fashi da ambaliya, kuma arzikin shekarar ginin kawai suke nunawa. Tan Kah Kee, attajirin Singapore ɗan asalin Fujian, ya buɗe makaranta a ƙauyensu Jimei a 1913, ya kafa Jami'ar Xiamen a 1921 da ribar roba da abarba, amma a 1934 kamfaninsa ya rushe. Wanda ya kalli ginin kaɗai ba zai san haka ba, sai ya nemi takardun kamfanin da jaridun Singapore na lokacin.

Naka,
Mai nazarin tarihin kasuwanci, Kaduna