Zuwa ga Abba, kan rol ɗin mai gadin da aka ba ka

Assalamu alaikum.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini an ɗauke ka a wani shiri mai dogon zango da za a fara ɗauka bayan Ƙaramar Sallah, kuma wai ranka bai so ba don mai gadi aka ba ka, alhali jarumi ka sa rai. Na ga gara in rubuto, don maganar waya iska take bi.

Jarumi da fuska da ƙuruciya yake ciniki, su kuwa ba sa zama a hannu. Wanda ya iya fitowa a mai gadi, direba, liman, dillali ko kawu mai idon gado, shi shekaru daraja suke ƙara masa, domin ba a rubuta labari babu irin waɗannan mutane. Dubi marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023: tsohon soja ne da ya riƙe hali guda, Samanja, har sunan ya danne na yanka. Ko marigayi Kasimu Yero da ya rasu a 2017, wanda ya yi wasa da Hausa da Turanci. Talabijin ce ta raine su tun kafin finafinan bidiyo su fara a 1990, kamar yadda NTA Kano da CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, suka raini namu na nan gida. Tun da Arewa24 ta buɗe a 2014, YouTube kuma ya biyo baya, kasuwa ta koma kan shiri mai dogon zango, shi kuwa ƙananan rol ne ginshiƙinsa.

Mai gadin da ke cikin sikirif ba shi da komai sai buɗe ƙofa, rufe ƙofa da "Alhaji ba ya nan." Sauran kai za ka nemo. Ka je Nasarawa ko Bompai da la'asar, ka zauna teburin mai shayi ka kalli masu gadi na gaske: inda yake ajiye buta, rediyon da ya rataye a ƙusa, yadda yake leƙowa ta ƙaramar ƙofa kafin ya zare sakata, yadda muryarsa take canjawa tsakanin motar maigida da almajirin da ya zo bara. Daga ciki ka zaɓi abu biyu, iyaka uku. Karin hula ɗaya, tafiya ɗaya, kalma ɗaya da yake yawan faɗa, sun isa. Duk abin da ka ɗauko a kashi na farko, da shi za ka yi ta tafiya har shirin ya ƙare. Wanda ya ƙirƙiri ɗingishi don ya burge darakta ranar farko, zai wayi gari a zango na uku ya manta ƙafar da yake ja, kuma masu kallo ba sa mantawa. Haka karin harshe. In ba za ka iya riƙe Sakkwatanci daga farkon jimla zuwa ƙarshenta ba, ka yi Kanancinka. Rabin Sakkwatanci ba'a ce, kuma masu shi suna kallo.

Inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne kwantiniti, wato tabbatar da kaya, kama da yanayi sun dace daga wannan sin (fitowa) zuwa na gaba. Ba a ɗaukar shiri yadda ake haska shi. Gidan da aka aro ko aka yi haya na kwanaki ne, don haka duk sin ɗin da ya faru a bakin wannan get ɗin, na kashi na biyu ne ko na sha ɗaya, a jere za a ɗauke su. Da safe kana murnar ƙarin albashi, da azahar an kore ka, da la'asar ka koma ranar da aka ɗauke ka aiki. Saboda haka ka sayi littafi ɗan ƙarami, kowane sin ka rubuta lambarsa, da abin da ya faru kafinsa, da abin da mai gadin ya sani zuwa lokacin da wanda bai sani ba tukuna. Ka sa a ɗauke ka hoto da waya daga hula har takalmi kafin a ce akshan. Akwai mai kula da kwantiniti, amma mutum ɗaya ne a kan taro, kuma in kuskure ya fito, fuskarka ce a allo ba tasa ba. Kada ka yi aski ko ka rage gemu sai ka tambayi darakta, ko da ɗaurin auren wa za ka je.

Kowane sin kuma ana maimaita shi: a ɗauko daga nesa, a matso, a dawo kan fuska. In a na nesa ka ajiye kofin shayi lokacin da ka ce "wallahi", to a na kusa ma kan "wallahi" za ka ajiye shi, da hannun da ka fara. In ba haka ba edita, wato mai yanka da jera hotunan, ba zai iya haɗa su ba, abin da zai yi shi ne ya bar hoton kan abokin wasanka, kai a ji muryarka kawai. Da yawa suna kukan an yanke su, ba su san su suka yanke kansu ba.

Wasan dandamali da kuka yi a makaranta ka rage masa kaya. A can sai ka ɗaga murya ka zazzaro ido na baya su gani. Kyamara kuwa tana ganin ƙiftawar ido. Ka tsaya kan alamar da aka yi maka a ƙasa, don a nan aka saita haske da fokas, taku ɗaya in ka ƙara ka shiga duhu ko ka tare wani. Kada ka kalli cikin kyamara. In ba kai ke magana ba ka saurara da gaske, kada ka tsaya kana bitar layinka a zuci, domin ana gani. Sau da yawa fuskar mai sauraro ce edita yake nema. Ka haddace ƙarshen maganar wanda kake amsa wa, ba taka kaɗai ba. Shadda mai sitaci tana ƙara a jikin ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a ƙirji, yadi mai ƙananan zane yana rawa a hoto, fari fat kuma yana ƙonewa a rana, don haka in an ce ka zo da kayanka, ka kawo kala uku su zaɓa. In Adaidaita Sahu ya gifta ko aka fara kiran sallah aka ce kat, ba laifinka ba ne, ka riƙe yanayinka ka jira.

Jira ma shi ne rabin aikin. Za a ce bakwai na safe, ba za a zo kanka ba sai bayan la'asar. Ka je bakwai ɗin. Furodusa ya fi tuna wanda bai taɓa sa shi biyan haya ta ƙarin kwana ba.

Nan gaba za a ba ka rol da ke buƙatar sani, kada ka yi da ka. Sajan igiya uku ne, kofur biyu, kuma akwai yadda ake sarawa. Rawani mai kunne biyu a Kano ba na kowa ba ne, na jinin sarauta ne. In malami aka ba ka, ka kai ayar ko hadisin wurin malaminka ya saurare ka kafin ranar ɗauka, in marubuci ya yi kuskure ka faɗa wa darakta a gefe cikin ladabi. Ka yi rajista da Hukumar Tace Finafinai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, ka san dokokinta kan sutura da taɓa jiki tsakanin mace da namiji. Abin da ba za ka iya kallo tare da mahaifiyarka ba, ka ce a ba wani.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya take hana yara yi. Kafin ka sa ƙafa a lokeshan ka tambaya: biya na sin ne, na yini ne, ko na zango? Nawa ne kafin alƙalami, yaushe ne ciko? Kuɗin mota da abinci a kan wa? In aka sake kiranka don gyaran wani sin ko ɗora murya, da biya ko babu? A rubuta, kowa ya sa hannu, da shaida. "Za a sallame ka" ba adadi ba ne. Ka kuma sani in ba a rubuta ba, ko shirin ya shekara goma ana kallonsa a YouTube, sisi ba zai ƙara shigo maka ba. Aikin yana zuwa ne kamar damina, marubuci kuma yana iya aika mai gadi ƙauye a kashi ɗaya, shi ke nan. Don haka shagon gyaran wayar nan kada ka rufe shi, ka sa yaro amintacce ranakun ɗauka. Duk abin da ya shigo ka cire kashi ɗaya cikin uku ka ajiye inda hannunka ba ya kaiwa da sauri. Ba sau ɗaya ba an ga dattawan wannan sana'a, waɗanda duk Arewa ta san fuskarsu, ana nema musu taimakon kuɗin asibiti.

In shirin ya karɓu, sunan mai gadin zai bi ka har Kantin Kwari, yara su riƙa kwaikwayon tafiyarka. Ka amsa da fara'a, amma kada ka riƙa yi musu wasan a titi, kuma tun sunan yana da zafi ka nemi rol da ya saɓa masa, ko da ƙarami ne, kafin furodusoshi su daina ganin komai a jikinka sai get.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo gida da sikirif ɗin da takardar yarjejeniyar, mu duba tare kafin ka sa hannu. Mahaifiyarka ta ce akwai tsohuwar jaket da hular sanyi a adaka, ka gwada ko za su yi wa mai gadin.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.