Wasiƙa daga Gindin Dutsen Etna

Katania, Italiya

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da su Baba da Hajiya, da kuma abokan aikinka na ofishin hasashen yanayi. Ni ma ina nan lafiya, karatu yana tafiya daidai gwargwado, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka yi, cewa tun da babu mahalukin da zai iya tsayawa da ma'auni a bakin dutse yana tsakiyar aman wuta, daga ina masana ke samo alƙaluman da suke bugawa na tsayin wutar da yawan tokar. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake, musamman da yake na lura cewa wannan aiki ya fi kusa da naka fiye da yadda kake zato.

Dutsen Etna yana gabashin tsibirin Sisili, tsayinsa ya haura mita 3,300, kuma tsayin ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin kowane amai yakan ƙara masa tudu ko ya rushe wani sashe na bakinsa. Birnin Katania yana gindinsa ta kudu, kimanin kilomita 30 daga ƙololuwa. Abin da dutsen ya fi shahara da shi a 'yan shekarun nan shi ne toroƙon narkakken dutse, wato ya riƙa feso wuta sama babu ƙaƙƙautawa har tsawon sa'a guda ko 'yan sa'o'i, tsayin feshin ya kai ɗaruruwan mitoci, wani lokaci ma ya wuce kilomita guda. A shekarar 2021 kaɗai, tun daga ranar 16 ga Fabrairu, bakin da ke kudu maso gabas ya yi irin wannan toroƙo fiye da sau 50, kuma a makonnin farko sau da yawa ba a cika kwana biyu ba tare da wani ya biyo baya ba. Musabbabin abin iska ce da ke narke a cikin dutsen tun yana can ƙarƙashin ƙasa. Yayin da narkakken dutsen ke hawowa nauyin da ke danne shi yana raguwa, iskar tana kumbura, har ta kai ta kekketa shi ta watso shi sama da zafin da ya haura digiri 1,000.

Na ga abin da idona a watan Yulin 2024, lokacin da bakin da ake kira Voragine ya tashi. Da dare wutar kawai ake hange, amma da gari ya waye sai ga toka ta rufe tituna da rufin motoci, baƙin yashi mai kaifi wanda ke ƙara a ƙarƙashin takalmi, yana shiga ido yana shiga haƙori. Masu shaguna suna sharewa suna ɗurawa a buhuna suna jerewa a bakin hanya, mutane suna tafiya da lema alhali babu ko ɗigon ruwan sama, an kuma rufe filin jirgin sama. A irin wannan rana hukumar gari takan hana hawa babur, ta kuma taƙaita gudun mota, saboda tayar ba ta kama ƙasa a kan wannan yashi.

Masu sa ido a kan dutsen ma'aikatan INGV ne, wato cibiyar Italiya mai nazarin girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta, kuma suna da ɗaki a cikin Katania da ba a rufe shi dare da rana. Na samu damar zama tare da masu aikin dare a ɗakin, kuma abin da na fara koya shi ne alamar farko ba ta zuwa ta ido. Akwai na'urorin auna motsin ƙasa a binne a jikin dutsen, waɗanda ke jin wata 'yar karkarwa da ba ta yankewa, wadda zirga-zirgar narkakken dutse da iska ke haifarwa. Idan toroƙo ya gabato, layin karkarwar yakan fara hawa a allon kwamfuta, kuma lissafi yakan nuna cewa tushenta yana matsowa sama, yana karkata zuwa ga bakin da zai fashe. Daga nan sai wasu na'urorin su fara kama sauti mai kaurin da kunnen mutum ba ya ji, wanda ke fita duk lokacin da kumfan iska ya fashe a bakin ramin. Da farko fashewar ɗaiɗai take zuwa, kamar talge ya fara ɓararraka a tukunya, sannan ta yi ta ƙara kusantar juna har a kasa rabe ɗaya da ɗaya, to a nan ne toroƙo ya tsaya da ƙafarsa.

Tsayin wutar kuwa da kyamarori ake auna shi, waɗanda aka kafa a ɓangarori daban-daban na dutsen, wasu na hoton da ido ke gani, wasu na zafi. Tun da an san tazarar kowace kyamara daga bakin ramin, an san mita nawa kowane ɗigo na hoton yake wakilta, saura ƙirga kawai. Matsalarsu ita ce gajimare, domin da zarar ya sauko ya lulluɓe ƙololuwa sun makance, haka kuma ita kanta tokar takan rufe wutar da ta haife ta. Saboda haka ne tun 2009 aka kafa wata na'urar rada a tudun Montagnola, 'yan kilomitoci kaɗan daga ramukan, wadda masana na birnin Clermont-Ferrand a Faransa suka ƙera. Tana harba igiyarta ta ratsa gajimare da duhu, ta bugi duwatsun da ke tashi ta dawo, kuma daga yadda igiyar ta sauya ake gane gudunsu, daga ƙarfin amsar kuma ake kimanta yawansu. Lissafin da ke biyo baya irin wanda muka yi ne a aji huɗu na sakandare: dutsen da ya bar bakin rami da gudun mita 100 a daƙiƙa ba zai wuce tsayin kimanin mita 500 ba kafin ya juyo. Wani lissafin da ya fi ba ni mamaki shi ne na turnuƙin toka, domin kafin tsayinsa ya ninka sau biyu sai abin da dutsen ke fitarwa a kowace daƙiƙa ya ninka kusan sau 16. Ka ga ke nan kuskuren kilomita ɗaya a auna tsayi ba ƙaramin kuskure ba ne a lissafin yawan tokar.

Yanzu na zo kan ɓangaren da ya shafe ka. Tauraron ɗan Adam ɗin da aka fi dogara da shi wajen bin tokar Etna shi ne Meteosat, wanda kake buɗe hotunansa kowace safiya a Kano. Yana tsaye a wuri ɗaya a nisan kimanin kilomita 36,000, na'urarsa SEVIRI tana ɗaukar hoton Afirka da Turai duk bayan minti 15, sabon samfurin da aka harba a Disambar 2022 kuma duk bayan minti 10. Ɗigonsa ɗaya ya kai faɗin kilomita 3 ko fiye, wato ya fi toroƙon girma nesa ba kusa ba, amma zafin wutar yana da tsananin da ke haska ɗigon gaba ɗaya, kuma daga wannan haske ake kimanta yawan narkakken dutsen da ke fita. Taurarin da ke yawo kusa da ƙasa sun fi shi kaifin gani, domin na'urar MODIS tana rabe kilomita guda, Sentinel-2 kuma mita 20, sai dai wucewa suke yi su tafi, shi Sentinel-2 ma sai bayan kwanaki yake komowa, alhali toroƙon Etna yana iya farawa ya ƙare tsakanin magariba da lisha. Tsayin turnuƙin kuwa ana samo shi ne kamar yadda kuke samo tsayin hadari, a auna sanyin samansa a gwada da ma'aunin da balan-balan ɗin yanayi ya kawo. Dabarar takan gaza idan amai ya yi tsanani ƙwarai, kamar na Tonga a ranar 15 ga Janairun 2022, inda sai da aka haɗa hotunan taurari daban-daban masu kallo daga kusurwoyi mabambanta kafin aka tabbatar cewa turnuƙin ya kai kimanin kilomita 57.

Duk wannan gaggawa saboda jiragen sama ake yin ta. A ranar 24 ga Yunin 1982 wani jirgin British Airways ya shiga tokar dutsen Galunggung a Indonusiya da dare, injinansa huɗu suka mutu gaba ɗaya, sai da ya yi ta gangarowa kafin Allah ya sa suka sake tashi. Radar da ke cikin jirgi ruwa take nema a cikin gajimare, ba ta ganin busasshiyar toka, kuma tokar tana narkewa a cikin injin ta daskare a jikinsa ta toshe shi. Daga baya aka kafa cibiyoyi tara a duniya masu ba da gargaɗi kan toka, kuma ta birnin Tulus a Faransa ita ce ke kula da Italiya da nahiyar Afirka, har da samaniyar Kano. Idan Etna ya motsa, ɗakin Katania yakan aika da gajeren saƙo mai launi, daga kore zuwa rawaya zuwa ruwan lemo zuwa ja, tare da tsayin turnuƙin da inda ya dosa, su kuma na Tulus su haɗa shi da hasashen iska su zana wa matuƙa yankin da za su kauce wa.

Hanyar da ake bi a rabe toka da gajimare a hoto ita ce ta fi tuna mini da kai. Ana duban zafin abu ta kafofi biyu, ɗaya a wajen maikiron 11, ɗaya a wajen 12 (maikiron ma'aunin tsawon igiyar zafin ne), sannan a ɗebe na biyu daga na farko. Gajimaren ruwa da ƙanƙara yana ba da sakamako sama da sifiri, toka kuwa ƙasa da sifiri. To ƙurar hamada ma haka take yi, domin ita ma garin dutse ce, kuma da wannan dabarar ce kuke hango hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tun kafin ya iso ya hana jirage sauka a lokacin hunturu. Idan iskar kudu ta kwaso ƙurar Sahara ta tsallako da ita Sisili a ranar da Etna ke amai, na'ura takan rikice, sai a nemi shaida ta biyu, wato hayaƙin farar wuta, wanda dutse ke fitarwa amma hamada ba ta fitarwa. Na'urar TROPOMI da aka harba a 2017 tana auna shi kowace rana a duk faɗin duniya.

Akwai abin da ke damuna a cikin wannan duka, kuma ba zan ɓoye maka ba. Etna yana da kunnuwa a ƙasa da idanu a sama, shi ya sa ake jin motsinsa tun kafin ya buɗe baki, amma yawancin duwatsun Afirka idon sama kaɗai suke da shi, shi kuwa abin da ya riga ya fara yake nunawa. A ranar 12 ga Yunin 2011 dutsen Nabro na Eritiriya ya fashe, alhali babu tarihin amansa a rubuce, babu kuma na'urar sa ido a jikinsa, har da farko aka ɗauka maƙwabcinsa Dubbi ne, sai hotunan tauraro suka gyara zancen. Tokarsa da hayaƙinsa suka bi ta kan Habasha da Sudan, aka soke tashin jirage a yankin. Ka dubi taswira ka ga ta inda jiragen alhazanmu ke bi zuwa Jidda, za ka gane cewa maganar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Ban ce na'urorin ƙasa suna maganin komai ba, domin a ranar 22 ga Mayun 2021 dutsen Nyiragongo ya tsage ya malalo wuta zuwa gefen birnin Goma na Kwango, kuma duk da akwai na'urori a wurin, alamar da suka kama ba ta riga aman da ko sa'a guda ba. Amma a kwanakin da suka biyo baya, haɗuwar na'urorin ƙasa da radar tauraron Sentinel-1, wadda ke gane kumburin ƙasa na 'yan santimitoci, ita ta nuna cewa narkakken dutse yana kutsawa ta ƙarƙashin birnin zuwa tafkin Kivu, aka kwashe dubban ɗaruruwan mutane. Dutsen Kamaru da ke maƙwabtaka da mu ya yi amai a 1999 da 2000, kuma babu wanda zai ce ya gama.

Hotunan Meteosat suna sauka a ofisoshinmu kamar yadda suke sauka a Tulus, kuma idon da ya saba da bin hazo ba zai sha wahalar koyon bin toka ba. Saboda haka ina roƙonka, idan ka samu sarari, ka nemo hotunan tsakiyar Yunin 2011 na gabashin Afirka a ma'ajiyar EUMETSAT, hukumar Turai mai kula da Meteosat, ka ajiye su kusa da na wata ranar hazo mai ƙarfi a Bodele, ka rubuto mini abin da ka gani ya bambanta su a siffa da yadda suke tafiya. Ina so in sa wannan kwatanci a wani babi na kundin da nake rubutawa, kuma na fi amincewa da hukuncinka a kan ƙura fiye da na kowa a nan.

Ka isar mini da gaisuwa ga su Baba da Hajiya, da maiɗakinka da yara, da duk mutanen unguwa. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka har kullum,
Sani