Wasiƙa daga bakin kogin Weser

Bremen, daren Lahadi

Assalamu alaikum, mutumina.

Wata huɗu ko gaisuwa babu, lallai ango ya samu wuri! Ka gaida amarya, ka ce mata ina nan ina bin ta bashin dambun nan. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Dama maganar takardun filin nan zan tambaye ka, amma bari in fara amayar da abin da ke cikina.

Malamina ya yarda in rubuta kundina a kan Ludwig Franzius, wani injiniyan ruwa na nan Jamus. Wallahi ranar ban iya barci ba don murna. Kullum ina wuce gunkin kansa kusa da gadar Wilhelm Kaisen, sai bana na san ko wane ne. An haife shi a Wittmund a 1832, ya yi karatu a Hanoba, ya koyar a Balin, sannan a 1875 Bremen ta ɗauko shi ta damƙa masa shugabancin ayyukan gine-ginenta. Gari ne na fatake, amma yashi ya shaƙe musu kogi tun da daɗewa, manyan jirage ba sa iya ƙarasowa. Shi ya sa tun 1827 suka kafa Bremerhaven can bakin teku, tafiyar wajen kilomita 60, suna sauke kaya a can.

To ga inda mutumin ya burge ni. Kowa tunaninsa a yi ta yashe kogi, a kwashe yau, gobe ya dawo. Shi kuwa ya lura teku na tunkuɗo ruwa cikin Weser sau biyu a rana, ya kuma janye. Sai ya ce a miƙar da kogin, a toshe rassan da ke raba masa ƙarfi, a matse gaɓa, ruwan ya shigo da yawa, in zai koma ya tafi da yashin da kansa. Aka yi aikin daga 1887 zuwa 1895, jirgi mai nutso mita 5 ya riƙa shigowa har cikin gari. Shi ne kuma ya gina musu tashar da ba a biyan kwastan, aka buɗe ta a 1888. Na san yanzu kana hamma, kai da ko kwalbatin ƙofar gidanku sai an yi maka tuni kafin ka yashe.

Af, da gaske ne mai shayinmu ya koma tasha? Wa yake ba ku bashi yanzu?

Abin da ke damuna a kundin shi ne babin ƙarshe. Waɗanda suka zo bayansa sun yi ta ƙara wa kogin zurfi, har bambancin cikowa da janyewar ruwa a Bremen, da bai kai kamu ɗaya ba a da, ya kai wajen mita 4. Gaɓa ta ci, rassa sun mutu. Malamina na so in ɗora wa Franzius wani kaso na laifin, ni kuma zuciyata ta ƙi, don mutumin ya rasu tun 1903. Mun yi ta ja ranar Alhamis har shayi ya huce.

Sanyi ya fara shigowa. In ɗan'uwanka zai taso wata mai zuwa, a haɗo min kuka da yaji, na wancan karon ya ƙare tun azumi. Ka gaida mutanen majalisa gaba ɗaya.

Naka har kullum.