Zuwa ga aminina, kan maganar bashin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya aiki, ya madam da yara, da fatan kowa lafiya. Saƙonka na gani tun shekaranjiya amma na ƙi ba ka amsa a tsaitsaye, don maganar da ka kawo ba ta layi biyu ba ce, kuma wlh tun da na karanta take min yawo a kai.

Ka ce kana so ka ci bashi a manhajar waya ka sai wa madam keken ɗinki, wai ruwan kashi 10 ne kawai. Dan Allah kafin ka danna komai ka koma ka duba, kashi 10 ɗin a wata ne ko a shekara? In a wata ne to kashi 120 kenan fa a shekara, ka ga ruwan ya fi uwar kuɗin. Akwai ma wata dabarar da ba kowa ke lura ba, sai a ce kashi 5 a wata na wata 12, ka ranci 100 ka biya 160, kai kana ganin kashi 60 ne, alhali duk wata kana rage bashin amma su suna lissafa ruwan kan 100 ɗin farko har ranar ƙarshe kamar ba ka biya komai ba, in aka yi lissafin gaskiya ya kusa kashi 100 a shekara.

Ni fa na ɗanɗana shi ya sa. Shekara biyu da suka wuce ƙaramin yarona ya kwanta asibiti cikin dare, ina tsaye a layin karɓar magani babu ko sisi a akawun ɗina, nan a tsaye na sauke manhajar ina ta danna na yarda na yarda ban karanta ko layi ɗaya ba. Alat na shigowa na ga kuɗin bai cika ba, sun riga sun yanki nasu wai kuɗin hidima, amma biya cif zan yi. Na makara kwana uku kacal sai ga surukina ya kira ni murya ƙasa ƙasa yana tambaya ko lafiya, ashe saƙo suka tura wa lambobin da ke wayata. Har yau in na tuna wannan kiran sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

Abin da ya kai ni ga wannan rashin ajiya ne, ba wani abu ba. Kuma raina na ɓaci in na ji masu hali suna cewa talaka bai iya tattali ba, wanda ke raba ɗan abin da ya samu tsakanin haya da makaranta da magani ai ya fi kowa iya lissafi. Matsalar kuɗi a gida ba ya zama, yau ɗan'uwa ya zo da larura gobe maƙwabci, ba za ka iya cewa babu ba kana da shi a ƙarƙashin katifa, banki kuma ga nisa ga takardu ga caji da ke cinye ɗan abin da ka ajiye.

Shi ya sa na shiga ƙungiyar ajiya, irin tsarin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da mata a Nijar a 1991 ya kuma bazu ƙasashe da yawa. Mu 20 ne, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku daban, na huɗu ke kwana da akwatin, ba a buɗewa sai gaban kowa a ƙirga da ƙarfi a rubuta. Mai buƙata ya ranta daga ciki, akwai ɗan asusun gaggawa a gefe na ciwo ko rasuwa, ƙarshen shekara a raba. Ba ya sa mutum arziki, tsadar kaya ma tana rage masa daraja, amma tun da na shiga ban sake tsayawa gaban mai magani hannu rabbana ba.

Kar ka ɗauka ina cewa bashi duk sharri ne. Muhammad Yunus, wani masanin tattalin arziki, a 1976 dala 27 ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra na Bangaladesh, cikinsu har da masu saƙa kujerun gora da mai ba su rance ke tilasta musu su sayar masa a farashin da ya ga dama, daga nan aka samu bankin Grameen a 1983, har ya ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Amma irin wannan ƙaramin rancen ne kuma ya zama masifa a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, mutane na cin bashi nan su biya can, masu karɓa suna matsa musu, sai da gwamnatin jihar ta sa doka.

Keken ɗinki bashi ne da zai iya biyan kansa, in dai akwai masu kawo ɗinki. To ku zauna da madam da biro da takarda, kaya nawa za ta iya ɗinkawa a sati, a cire zare da allura da gyaran keke, abin da ya rage ya kai biyan wata? In sai an haɗa da kuɗin cefane to ku dakata tukuna, ku tara ko rabi ne, ko a nemi na hannu mai kyau. Duk inda za ku je kuma, ko da masu cewa babu ruwa ne, ka sa su faɗa maka jimillar abin da za ka biya, da ranakun biya, da tarar makara, a rubuce.

Ka ɗauko min hoton shafin sharuɗɗan ka turo yau ko gobe mu duba tare, kar ka danna kafin nan. Ka gaida madam sosai, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum.