Rahoton Shekara na Kungiyar Teloli ta Layinmu: Shirin Mike Jiki da Agogon Waya

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu, ogogi da 'yan koyo baki daya. Maganar kudin wata-wata da gudunmawar biki da rasuwa ma'aji zai kawo nasa rahoton daban, ni nawa a kan shirin nan ne na mike jiki da muka fara bayan babbar sallar bara, wanda da farko wasu suka dauka wasan yara ne.

Duk mun san abin da ya kawo shi. Mutum ya hau keke tun hantsi bai sauka ba sai an kira azahar, ya zo tashi kugu ya rike, wuya ya sankare, sai ya dafa teburin yanka kafin ya iya mikewa, kuma kusan ko wane shago akwai man zafi a cikin durowa tare da zare da allura. Shi ya sa muka gayyato wani ma'aikacin sashen gashin kashi ya zo ya nuna mana, kuma abin da ya ce ba wuya: ka mike tsaye, ka dora hannu a kugu ka dan lankwasa baya, ka kai kunne wajen kafada hagu da dama, ka bude kirji, ka ja yatsu da tsintsiyar hannu saboda almakashi. Ko wanne a rike sakan 20 zuwa 30, ba fizga, ba rike numfashi, a ji ja amma kar a ji zafi.

Toh matsalar ita ce mantuwa, sati daya kowa ya watsar. Anan ne yaranmu suka kawo shawarar taima, wato a saita agogon waya ya rika kada kararrawa in lokacin mika ya yi. Sun ce akwai wani tsari na wani dan Italiya Francesco Cirillo da ake cewa Pomodoro, aiki minti 25 hutu minti 5, mun gwada amma gaskiya bai dace da dinki ba, kana tsakiyar hada wuyan kaftani kararrawa ta kada ai ba za ka tashi ba. Sai muka maida shi minti 45, mika minti 3, kuma in lokacin sallah ya kusa ba sai an saita ba tunda dama za a tashi alwala.

Wajen manhaja mun sha wahala sosai. Wadanda aka sauko da su daga Play Store wasu talla ta yi musu yawa tana cin data, wasu kuma in waya ta shiga tsarin tattalin batir sai ta kashe su a boye, ka jira kara shiru har awa biyu ta wuce. Karshe dai agogon da ya zo da wayar shi ya fi, ba ya bukatar data, akwai shi a Tecno da Infinix da Itel, har karamar waya mai madannai tana da alam. Ga kuma rashin wuta, waya na wajen mai caji rabin yini. Abin da ya yi aiki shi ne waya daya a shago, a jingine ta a kan shelf a kure kara, yaro daya ke da alhakin sake danna ta. In ta kada kowa ya tashi har oga, domin mun lura duk shagon da oga ya zauna yaran ma kunya suke ji su mike.

Abin da ya fi faranta min rai wani dattijo ne cikin iyayenmu, wanda ya ce shi bai ga dalilin da waya za ta ba shi umarni ba. Rannan na shiga shagonsa karbar aron zare, kararrawa ta kada, ya cire tabarau ya ajiye a kan shaddar da yake yankawa, tef na rataye a wuyansa, ya ce wa yaronsa "kai tashi mana, jiran me kake". Wallahi na ji dadi.

Inda muka gaza kuma dole a fada: goman karshe na azumi. Dinkin sallah ya taru, ana kwana a shago, kwastoma na tsaye a ka, kusan kowa ya kashe taimar, alhali lokacin ne jiki ya fi bukata. Bayan sallah korafin baya ya dawo sabo. Bana muna rokon ko minti daya ne a rika tashi, kuma ogogi a rage karbar aikin da ya fi karfin shago.

Sannan don Allah, mika ba magani ba ce ga kowane ciwo. Wanda zafin ke sauka har kafa, ko kafar na mutuwa, ko yatsu na yin dindiris, ya daina ya je asibiti, kar ya ce taima za ta gyara.

Bangaren mata masu dinki a gida har yanzu ba mu kai musu shirin yadda ya kamata ba, shugabarsu ta nemi a samo mace ta koya musu kuma kwamiti ya amince. A zama mai zuwa kowa ya zo da wayarsa da caji, yaran za su saita wa duk wanda bai iya ba.

Naku,
Sakatare