Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan dashen haƙori

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Yayata ce dalilin wannan wasiƙa. Bara waccan aka dasa mata haƙora biyu a muƙamuƙin ƙasa, a wani asibitin kuɗi, bayan ta sayar da awarwaronta. Tana da ciwon suga, amma ba wanda ya tambaye ta, balle a gwada jininta. Ba a rufa shekara ba ta fara ganin jini a buroshi. Can kuma in ta danna dasashi sai mugunya ta ɓullo, baki ya ɗau wari, har ta koma magana da gefen mayafi a baki, ita da a da ba a raba ta da dariya. Ranar da na raka ta aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana yadda ƙashi ya zaizaye kewaye da ƙarfen, kamar gindin katanga bayan damina. Dole aka cire duka biyun.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka abin kamar haƙorin Makka ne, a sa maka ka kama gabanka. Alhali ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam ake ɗaurawa cikin ƙashi, sai ta yi wata 3 zuwa 6 kafin ƙashin ya riƙe ta. Tun 1965 da likita Brånemark na ƙasar Suwidin ya fara yi wa mutum, aikin yana kyau in an bi ƙa'ida. Sai dai ƙarfe ba shi da jijiya, don haka ƙwayoyin cuta kan yi ta cin ƙashi shiru, sau tari ba zafi, sai haƙorin ya fara girgiɗi. Mai shan sigari, da mai sugan da bai daidaita ba, da mai tsohon ciwon dasashi, su abin ya fi kamawa. Kai likita ne, ka fi ni sani.

Roƙona, ka sa hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, ta wajabta gwajin suga da hoton ƙashi kafin a huda muƙamuƙin kowa, a kuma sa wa mara lafiya ranakun dawowa dubiya. A ba shi kati mai ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da girmansa. Wannan katin ya fi damuna, domin kowane kamfani da irin kayan aikin da ake kwance ƙarfensa da su. Masu zuwa Masar ko Turkiyya ko Indiya su ma a faɗakar da su ta rediyo, kada su dawo ba shi.

Yayata yanzu kunu da fate take sha, tana jiran a ga ko ƙashin zai karɓi ciko.

Allah ya taya ka riƙo.